Egret II Mini: ƙaramin akwatin Taito da ya riƙe amanar gidan gem

A gidajen gem na Japan, tsabar yen 100 ce ke saya wa mutum wasa ɗaya, kuma an gina wasannin ne yadda wanda bai iya ba zai faɗi cikin 'yan mintoci ya sake jefa kuɗi. Wanda ya fahimci wannan zai gane abin da kamfanin Taito ya nufa da Egret II Mini, wanda ya fito a watan Maris na 2022 kan yen 18,678. Kwaikwayon babban akwatin Egret II ne na 1996, an ƙanƙance shi ya zauna kan tebur, da wasanni 40 a cikinsa.

Allon shi ne abin da ya raba shi da sauran ƙananan na'urorin irinsa. Inci 5 ne, kuma yana juyawa: ka danna shi ciki ya turo kansa waje, ka murɗa shi, ka mayar har ya kama. Ba don ado aka yi haka ba. Wasannin harbi irin su RayForce da Tatsujin a tsaye aka zana su, domin abokan gaba daga sama suke gangarowa, ɗan wasa kuma yana bukatar ya hango su tun daga nesa. Idan aka matse su a allon kwance, kusan rabin fili ya tafi a banza, harsasai su koma kamar ƙwayar gero. Darius Gaiden kuwa a kwance yake, sai a mayar da allon yadda yake.

Sandar sarrafawa ma an yi mata tunani. A ƙarƙashin na'urar akwai abin murɗawa da ke sauya ta daga fuska takwas zuwa huɗu. A Elevator Action na 1983, inda ɗan leƙen asiri ke gangarowa daga hawa na 30 yana shiga jajayen ƙofofi ya kwaso takardu, sama da ƙasa su ne ke tuƙa lif, ƙasa kuma ita ce durƙuso. Da sanda mai fuska takwas, hannu kan zame zuwa kusurwa, mutum ya so kauce wa harbi ya tsinci kansa yana tafiya gefe. Murɗa ta zuwa huɗu, matsalar ta kau.

Zaɓin wasannin ya fi ƙarfi a ɓangaren harbi da na tsalle-tsalle. Space Invaders na 1978 har yau yana da abin koyarwa: maƙiya 55 ne, layi 5 kowanne da 11, harsashi ɗaya tak kake da shi a sama lokaci guda, saboda haka duk kuskure jira ne. Suna raguwa suna ƙara sauri. Gwanaye sukan fara cinye maƙiyan da ke gefen dama da hagu don rundunar ta daɗe kafin ta taɓa bango ta sauko, sannan suna ƙirga harbi, domin jirgin da ke giftawa a sama yana ba da maki 300 idan aka same shi da harbi na 23, daga nan kuma duk bayan 15.

RayForce na 1994 shi ne zakaran akwatin. Maƙiya a hawa biyu suke: waɗanda ke daidai da jirginka bindiga ke kashe su, na ƙasa kuwa sai ka ɗora musu alamar saiti ka sake musu leza. Ana farawa da saiti 5, ya ƙaru zuwa 8, kuma makin kowane na gaba ninkin na baya ne a saki ɗaya. Sabon shiga yakan saki da zarar ya kama biyu. Wanda ya san wasan yakan danne zuciyarsa har saitin ya cika, alhali harsasai na zuwa masa. Daɗin duka a wannan jiran yake. Bubble Bobble na 1986 kuma yana da matakai 100, amma ba a ganin cikakken ƙarshensa sai da mutum biyu, abin riƙewa na biyun kuwa daban ake sayensa. Wasannin faɗa, irin su Kaiser Knuckle, su ne masu rauni a jerin, kuma gajeriyar sandar ba ta taimaka musu.

Babbar matsalar da masu saye ke cin karo da ita wuta ce. Babu batir, ana ba shi wuta ta USB-C, kuma babu kan caja a kwalin. Yana bukatar volt 5, amp 2.4. Idan aka haɗa shi da tsohuwar cajar waya mai rauni, yakan kunnu lafiya, amma sai a ji jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da ke allo, mutum ya ɗora laifin kan na'urar. Haka idan aka kai hoton talabijin ta HDMI: a sa talabijin ɗin a tsarin wasa, in ba haka ba gyaran hoton da yake yi zai ƙara jinkiri. Lasifikarsa ba ta da zurfi, kiɗan Darius Gaiden ya cancanci abin saurare na kunne.

Akwai ƙarin na'ura mai abin murɗawa da ƙwallon mirginawa, tare da katin SD mai wasanni 10, ciki har da Arkanoid da Cameltry. Tana da tsada, amma Arkanoid da sanda ba Arkanoid ba ne, domin saurin murɗawarka shi ne saurin farantin da ke tare ƙwallo.

Tunda a nan maɓalli ne ke jefa kuɗi ba aljihu ba, mutum na iya ci gaba ba iyaka ya gama RayForce cikin zama ɗaya bai koyi komai ba. Ka yanke wa kanka kuɗi uku a zama, in sun ƙare ka koma farko. Na'urar na iya ajiye wasa a inda aka tsaya, a yi amfani da wannan wajen maimaita dodon ƙarshen matakin da ya gagara har a haddace hanyar harsasansa. Mai son wasannin harbi da na Taito na shekarun 1980 ba zai yi nadamar sayensa ba, mai neman wasan faɗa kuwa gara ya duba wani akwatin.