Buhun PICS na ajiye wake: gara shi da bom, amma sai an iya ɗaure shi

Duk mai sayen wake a Dawanau da kaka don ya ajiye zuwa bazara ya san ƙwaro ne ke raba shi da riba. Abin da aka saba shi ne a jefa ƙwayar Phostoxin, wadda ake kira bom, ko a yayyafa fiya-fiya. Buhun PICS bai da magani ko kaɗan. Leda biyu ce masu kaurin maikiron 80 kowacce (maikiron dubu ne milimita ɗaya) a cikin buhun saƙa na waje, ana samun na kilo 50 da na kilo 100. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro dabarar, bayan aikin da suka fara a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro yana yin sa.

Dalilin fifita shi a kan guba ya wuce batun lafiyar mai cin wake, ko da yake shi ma ba ƙarami ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Babban dalilin shi ne yadda ƙwaro ke sauyawa. Macen ƙwaron wake kan saka ƙwai da yawa a kan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige ciki, cikin sati uku zuwa huɗu na zafi ta fito a matsayin babban ƙwaro. A ajiyar wata shida ke nan an yi zuriya shida ko fiye. To a cikin dubban ƙwarin da ke buhu ba duka suke ɗaya ba, akwai 'yan kaɗan da aka haifa da juriyar guba fiye da sauran. Idan aka sa bom a buhun saƙa mai fitar da iska, hayaƙin yakan tsere kafin ya gama aiki. Masu rauni su mutu, masu juriya su rayu su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Ɗan kasuwa ya ga magani ya daina ci, ya ce jabu aka sayar masa, ya ƙara ƙwaya. Alhali shi ne da hannunsa ya tace masu ƙarfin, kamar yadda manomi ke ware zangarniya mai kyau ya ajiye iri. Tun binciken da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi a farkon shekarun 1970 aka gano ƙwarin rumbu masu jure wannan hayaƙi a ƙasashe da dama.

PICS ta wata hanya yake kashewa. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da aka kulle da su, iskar numfashi ta sauka daga kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 5, su daina ci, su daina haihuwa. Wani abin lura kuma, tsutsar na samun ruwan jikinta ne daga sarrafa abincin da ta ci, wanda sai da iska. Iska ta ƙare, ruwa ya ƙare, ta bushe. Kauce wa wannan ya fi wa ƙwaro wuya nesa ba kusa ba a kan jure guba ɗaya, muddin dai buhun ya toshe sosai.

Nan ne mutane ke ɓata shi. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda a kama iska a ciki, a murɗe baki a matsa. In ta saki, akwai huji, a ajiye ta gefe. Wake ya bushe har ya yi ƙaras a haƙori, a sheƙe shi a tsince tsakuwa da itace, domin su ke tsaga leda daga ciki. A fara zuba tiya biyu ko uku a ledar farko don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su cikin buhun waje, sannan a cika ana jijjigawa. A bar kamar taƙi guda a sama. A matse iska, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya ko roba, kowane hawa daban. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda su ne ke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki.

Aibinsa a fili yake. Ya fi buhun gama-gari tsada, ko da yake yana iya yin kaka uku in an kula. 'Yan dako masu ƙugiya da masu soka ƙarfen ɗanɗano su ne ajalinsa, sai a tsaya a kansu lokacin lodi. Ɓera ma in ya samu zai huda, don haka a ɗora a kan katako, nesa da bango. Ƙwaro na iya huda ledar ciki, shi ya sa ta biyun ba ado ba ce, kada a cire ta a yi wani amfani da ita. Akwai kuma na jabu masu siririyar leda a kasuwa, a duba tambari a murza kaurin da yatsa.

Bai dace da mai shago da ke buɗe buhu kullum yana awo ba, domin duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwarin da suka rage. Mai irin wannan ciniki ya raba kayansa a na kilo 50, ya riƙa buɗe ɗaya sai ya ƙare kafin ya taɓa na gaba.