Scarlett Solo a ɗakin haya na Nima: abin da na gani bayan na naɗi kiɗan jitata

Duk mai zama a gidan haya a Nima, unguwarmu a Accra ta Ghana, ya san ba a samun shiru da rana. Ga karen mota na kiran fasinja a bakin titi, ga injin niƙa, ga yara a tsakar gida. Idan na ɗauki kiɗan jita da wayar hannu, rabin abin da ke fitowa ba nawa ba ne. Ni kuwa ina da wani kiɗi da na daɗe ina tsarawa, na jita zalla babu waƙa, tafiyarsa ta hailaif ce, wato salon kiɗan jita na Ghana, amma a tsakiya ina jan tsirkiya irin yadda mai goge ke jan tasa. Son a ji shi yadda nake jin sa ne ya sa na nemi Scarlett Solo.

Ɗan jan akwati ne da ke shiga tsakanin jita da kwamfuta. Kamfanin Focusrite na Ingila ne ke yin sa, wanda Rupert Neve ya kafa a 1985. Nawa samfuri na uku ne, fitowar 2019. Na hannu na saya wajen wani yayanmu mai sutudiyo a unguwar Madina da ke nan Accra, bayan ya koma kan na huɗu da ya fito a 2023. A gabansa akwai kafar makirufo ɗaya, da kafar jita ɗaya, da ta abin sauraro na kunne. Da kebul ɗin USB yake cin wuta daga kwamfuta, ba ya neman soket nasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da aka san dumso, wato yawan ɗauke wuta: an sha ɗauke wuta ina tsakiyar ɗauka, batirin kwamfuta ya riƙe mu har na kai ƙarshe.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne jita kai tsaye take shiga cikinsa, ba ruwanta da makirufo, don haka ko biki ake yi a gidan ba abin da zai shiga sautin. Akwai maɓalli da aka rubuta INST, dole a danna shi in jitar lantarki ce, domin sautin da maganaɗisunta ke fitarwa na son kafa mai ƙarfin turjiya. In ba a danna ba, sai ka ji kaifin ya dushe. Sannan ga zoben haske kewaye da abin murɗa ƙarfi: kore na nufin lafiya, ja na nufin an wuce gona da iri. Ni nakan bugi tsirkiya da iyakar ƙarfina, in rage har jan ya daina leƙowa, in ƙara ragewa kaɗan. Tunda yana ɗauka da bit 24, wato yana kama ko da ƙaramin sauti dalla-dalla, ba a asarar komai don an bar fili a sama.

Inda na sha fama shi ne wani gunji da ke bin bayan kiɗin, zuuu, ba ya tsayawa. Ba daga akwatin yake ba. Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, jita mai maganaɗisu irin siririn nan mai naɗi ɗaya kuma tana kwasar wannan kaɗawar daga duk abin da ke kusa, fanka ne, cajar kwamfuta ce, ko wayoyin bango, balle a tsohon gida irin namu. Da na zare caja na bar kwamfuta kan batiri, mafi yawansa ya tafi. Sauran kuma sai da na zauna kan kujera ina juyawa a hankali da jitar a cinya, har na sami kusurwar da ya mutu, fuskata na kallon ƙofa, bayana ga fanka. Na sa alli na shata ƙafafun kujerar a siminti. Kebul ma da nasa rabon: wani mai araha da na fara ɗaukowa a kasuwar kayan lantarki ta Zongo Lane yana ƙaras-ƙaras da zarar na motsa, na koma na ƙara kuɗi na sayi mai kauri, magana ta ƙare.

Sai batun jinkiri tsakanin bugun yatsa da jin sauti, wanda ke iya kashe wa makaɗi hannu gaba ɗaya. Akwatin na da maɓallin da ke maido maka da sautinka nan take, amma tsurarsa, ba tare da amfilifayar cikin kwamfuta ba. Kiɗin goge bai yiwuwa haka, ina bukatar jin tsirkiya tana ja tana daɗewa. Don haka na sa direban kamfanin, wato manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta, na saita bafa, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, a 128 cikin 48,000 da ake ɗauka a daƙiƙa. A lissafi hakan bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba a kowane ɓangare, kuma yatsuna ba su ji wani tsaiko ba. Da na gwada 64, tsohuwar kwamfutata ta fara tartsatsi, sai na koma. Da manhajar ɗaukar sauti ta Reaper nake aiki, suna ba da gwajin kwana 60, lasisin mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne.

Ranar da na gama, na tura wa yayan nan nawa. Bai daɗe ba ya kira: "Ƙanena, ai har numfashin yatsanka a kan tsirkiya na ji. Amma ka rage ƙasan, a waya mutane za su saurara." Gaskiyarsa. Na yanke sautin da kaɗawarsa ba ta kai sau 80 a daƙiƙa ba, na saurara a lasifikar waya, sai ga wurin jan gogen ya fito fili. Na adana asalin a WAV, na fitar da MP3 na rabawa. A WhatsApp kuma a matsayin fayil nake turawa, ba na kunna shi in ɗauka da saƙon murya, domin wannan don magana aka yi shi, yana matse kiɗa. Wani dattijo a layinmu da ya yi kiɗa a ƙuruciyarsa ya sa na maimaita masa tsakiyar, ya ce Allah ya ƙara basira. Na ji daɗin wannan addu'ar har cikin raina.

Ga mai jita shi kaɗai, ko mai jita da murya, Solo ya isa, kuma ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya. Wanda ke son ɗaukar mai kalangu da mawaƙi lokaci guda, kowa da makirufonsa, sai ya tara ya sayi Scarlett 2i2 mai kafar makirufo biyu. In na hannu za ka saya kamar ni, je da jitarka da kwamfutarka, ka murɗa kowane maɓalli kana saurare kafin ka miƙa kuɗi.