MIMO: rumbun da ya tara kayan kiɗa, amma sauti ya yi masa ƙaranci

Mai son sanin asalin kayan da ake kiɗan jaz da su, shawarata ya fara leƙa shafin MIMO (Musical Instrument Museums Online). Rumbu ne a intanet da ya tattara hotuna da bayanan kayan kiɗa sama da 60,000 daga gidajen adana kayan tarihi, galibinsu na Turai, irin su Brussels da Paris da Nuremberg da Leipzig. An soma aikin a 2009 da tallafin Tarayyar Turai, Jami'ar Edinburgh ce ta ja ragama. Kyauta ne, ba a kuma neman rajista.

Ni saksofon ne ya kai ni. Da na rubuta sunan Adolphe Sax a gurbin nema, sai ga kayan busa da suka fito daga maƙerarsa ta Paris a jere. Sax ɗan Beljiyam ne, haifaffen Dinant a 1814, kuma a 1846 ya yi wa saksofon rajistar mallakar ƙira. Ka ƙara girman hoton ɗaya daga cikin na farkon ka kalle shi da kyau. Madannansa ba su kai na yau yawa ba, babu ƴan fararen maɓallan nan masu sheƙi da yatsu ke zama a kansu, sannan madannan da ke ɗaga sauti sama guda biyu ne a rabe, babban yatsa ke zaɓa tsakaninsu. Na zamani ɗaya gare shi, shi ke yin zaɓin da kansa. Ƴan badujalar sojan Faransa ne suka fara rungumar wannan abin busa. Sai bayan shekara kusan tamanin mai busa Ba'amurke Coleman Hawkins, a ƙungiyar makaɗa ta Fletcher Henderson, ya mai da shi muryar jaz.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda aka kasa kayan. Shafin yana bin tsarin da masana kiɗa Hornbostel da Sachs suka fitar a 1914, wanda ba ruwansa da kamannin abu, abin da ke karkarwa ya ba da sauti kawai yake dubawa. Shi ya sa za ka tarar da saksofon, duk da jikinsa na tagulla, yana maƙwabtaka da kilarinet, saboda siririn karan da ke bakinsu. Tirampet kuwa yana can wani gida, don leɓen mai busa ne ke karkarwa. Fiyano ma a cikin masu tsirkiya aka sa shi. Da farko abin zai ɗaure maka kai, daga baya ka ga ai gaskiya ce.

To, amma fa kada ka shiga da niyyar saurare. Kaɗan ne daga cikin kayan aka haɗa su da sauti, alhali jaz a baki da yatsu yake. Bayanan kuma kowane gida da harshensa yakan rubuta, wani Jamusanci, wani Faransanci. Sannan tunda abin da gidajen suka tara shi shafin ke nunawa, tsofaffin sarewa da biyolin sun rinjayi kayan ƙarni na 20 da aka ƙera a Amurka. Mai bin labarin fedar buga babbar ganga da ƙafa da kamfanin Ludwig ya fitar a 1909, ko ogan ɗin Hammond na 1935, ko jitar lantarki ta Gibson ES-150 ta 1936 da makaɗin jaz Charlie Christian ya yi suna da ita, ko jitar Stratocaster ta kamfanin Fender ta 1954, dole ya haɗa da kundayen kamfanonin da kuma faya-fayan makaɗan.

Ga kayan busa dai, saksofon da kilarinet da tirampet da turombon, ban ga na biyun MIMO ba. Kwamfuta ta fi waya dacewa da shi, don sai a babban allo ake ganin rubutun da maƙeri ya zana a bakin ƙahon.