Yaya, kada ka sayar da komai tukuna

Assalamu alaikum Yaya, ya jiki? Na ga saƙonka cewa magani uku kake sha, har da na sa fitsari, amma hawan jinin ya ƙi sauka, kuma ka ji ana wani aiki a nan Amurka da ke raba mutum da shi.

Aikin gaskiya ne. Ta matsematsi suke zura siririn bututu har cikin jijiyar jinin da ke shiga ƙoda, sai su ƙone jijiyoyin saƙon da ke kewaye da ita. Waɗannan jijiyoyin ne ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ka ga ashe zancen gishiri ne tun daga tushe. A Nuwamban 2023 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da na'urori biyu na yin aikin, ta kamfanin Medtronic da ta kamfanin Recor. Amma kafin nan, a 2014, wani babban gwaji ya kasa nuna cewa aikin ya fi na bogin da aka yi wa wasu don kwatantawa, sai da aka sake fasalin na'urar. Ko yanzu ɗan ragi yake yi, yawanci ba ya kaiwa maki 10 a awon hawan jini, kuma galibi ana ci gaba da shan magani.

Abin da ya burge ni ba na'urar ba ce. Likitana bai ko saurari zancen aikin ba sai da ya sa na tara fitsarin awa 24 aka auna gishirin ciki. Wallahi na ji kunya da aka ga yawansa, don na rantse masa ba na barbaɗa gishiri. Ashe a nan ba hannunka ke zubawa ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari daga abincin gwangwani, na leda da na gidajen abinci yake zuwa. Sai dai suna rubuta adadin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a jikin kowane kwali. Ka ninka shi sau biyu da rabi, ka sami gishirin.

A nan ka fi ni sa'a, Yaya, tunda a gida ake dafa maka, kana iya cewa a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini, wajen cokalin shayi ɗaya. Ka tambayi likitanka gwajin fitsarin nan, ka turo min sakamakon. A gaida Anti da yara.