Ƙungiyar taimakon unguwa a Birnin Kebbi: inda kuɗin mako ke aiki da inda yake zurarewa

Da wuya ka sami unguwa a Birnin Kebbi, daga Badariya zuwa Gesse, daga Rafin Atiku zuwa Nassarawa, da ba ta da ƙungiyar taimakon kai da kai. Wasu suna kawai gare su da allo a bakin titi. Wadda za a duba a nan tana cikin masu motsi: tana zama duk daren Asabar bayan isha'i a wani ajin makarantar Islamiyya, kuma membobinta sun haɗa malaman makaranta, 'yan kasuwa, 'yan kabu-kabu, manoman shinkafa da ma'aikacin asibiti guda. A taƙaice, aikinta na gyaran famfo da na ba da jini ya fi ƙarfin kuɗin da ake karɓa, aikin kwata rabi ne, riƙon kuɗi kuwa shi ne zai iya kashe ta.

Zaman kansa yana da tsari. A buɗe da addu'a, sakatare ya karanta abin da aka yanke makon jiya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, sannan a shiga sabuwar magana. Al'ada ɗaya ce ta raba su da sauran ƙungiyoyi: ba a rufe magana sai an rubuta sunan mutum ɗaya da rana a gabanta. Idan aka ce "za mu duba," shugaba kan juya ya ce, "Malam Sakatare, wa ya ɗauka, kuma yaushe?" Mako na zagayowa, da sunan nan za a fara. Wanda bai yi ba zai miƙe ya yi bayani gaban dattawan unguwarsu, kuma kunyar wannan ta fi tarar latti aiki nesa ba kusa ba.

Matsalar zaman ita ce tsawo. An tsara awa ɗaya, amma yakan kai biyu, saboda duk Alhajin da ya shigo a makare sai an katse magana an gaisa, an kuma maimaita masa abin da ya wuce. Ɗan kabu-kabu da ya ajiye babur a lokacin da fasinjan dare ke fitowa shi ke biyan wannan gaisuwa daga aljihunsa. Haka kuma idan aikin shinkafar rani ya kankama a fadama, ko lokacin girbi, kujeru kan zama wayam, a yanke hukunci da mutum kaɗan, daga baya waɗanda ba su zo ba su ce ba da su aka yi ba. Tsarin mulkinsu bai faɗi adadin da dole ya cika kafin a taɓa kuɗi ba, kuma layi ɗaya ne da zai rufe wannan ƙofa.

Inda suka fi burge ni shi ne famfon tuƙa-tuƙa. Yawancin ƙungiyoyi sai famfo ya mutu murus, yara sun koma bin 'yan ga-ruwa, sannan a fara yawo da takardar neman taimako. Su kuwa gwaji suke yi a kai a kai, gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, a tuƙa har ruwa ya zo, a bar famfon rabin awa, a dawo a ƙirga: idan ya wuce tuƙi biyar kafin ruwa ya sake fitowa, akwai yoyo, ko dai a bawul ɗin ƙasa ko a mahaɗar bututu. Na biyu, a yi cikakken tuƙi 40 cikin minti ɗaya a tara a bokiti. Famfo mai lafiya zai ba da kusan lita 15. Idan ya faɗi ƙasa da 10, robar da ke ɗago ruwa a cikin silinda ta cinye, lokacin canji ya yi.

Sun kuma san bambancin famfunan da ke hannunsu, abin da mutane da yawa ba su damu da shi ba. Samfurin Afridev an yi shi ne don 'yan gari su iya gyarawa: rodunansa masu tsawon mita uku-uku ƙugiya ke haɗa su, ana zaro su ɗaya bayan ɗaya har a fito da robar ba tare da an ɗaga bututun ba, mutum biyu ko uku da sifana sun isa. India Mark II kuwa sai an ciro bututun ƙarfe gaba ɗaya kafin a kai ga silinda, aiki ne na makaniki da kayan riƙe bututu, kuma idan hannu ya suɓuce bututu ya faɗa rami, kuɗin kamo shi ya ninka kuɗin gyaran. Saboda haka na farkon su ke gyarawa da kansu, na biyun iyakarsu shafa wa sarƙar da ke cikin kan famfon giris da ɗaure notin da ya kwance, sauran su kira mai sana'a. Hannun famfo ya fara lilo hagu da dama, sun san boris ne ya tafi, kuma barinsa haka shi ke cinye ƙarfen da ya fi tsada. Ruwa ya fito ja da safe, tsatsar bututu ce. Akwai gwangwani a wurin mai kula da kaya da ba ya rabuwa da robobi da boris na ajiya. Abin da suka kasa shi ne dandamalin siminti: ya tsage, ruwan wanki na kwanciya a gindin famfo, kuma ta irin wannan tsaga ƙazanta ke komawa cikin rijiya.

Sai jini. Suna da littafi mai sunan duk memban da ya yarda ya bayar, da rukunin jininsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Ranar nan ita ce amfanin littafin, domin namiji sai ya huta wata uku, mace wata huɗu, kafin a sake ɗibar leda, wato kusan mililita 450. Ba a rubuta wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. Idan kira ya zo daga asibitin Sir Yahaya ko wani asibiti cewa mai haihuwa ta zubar da jini, ko yaro mai sikila na buƙata, ba a watsa sunan mara lafiya a WhatsApp ana jiran mai tausayi. Mutum biyu masu riƙe da littafin su ke kiran waɗanda lokacinsu ya yi, kuma sukan tura fiye da adadin da aka nema, tunda asibiti zai gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, ya auna yawan jini, wani ba zai wuce ba. Wanda aka mayar, ba a tambayarsa dalili a zaman Asabar. Wannan ladabi ne da ya kamata kowace ƙungiya ta ara.

Rauni biyu ne a nan. Masu rukunin O su ake ta kira har sun fara kashe waya da dare. Na biyu, kuɗin mota da dangin mara lafiya ke cusa wa mai bayarwa a ƙofar asibiti ya fara zama abin da wasu ke sa rai. Ƙungiya ce ya kamata ta biya kuɗin babur da na lemo daga asusunta, ta hana karɓa daga dangi, in ba haka ba littafin taimako zai koma littafin ciniki.

Aikin gayyar yashe kwata kafin damina yana tara jama'a, ana ɗaukar hoto, amma ana barin yashi da leda a tsibe a bakin kwatar, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito. Bai kamata a fara yashewa ba sai an riga an yi magana da mai tifa ko masu kura, kuma daga inda ruwa ke fita ya kamata a fara a hauro, ba daga ƙofar gidan shugaba ba. Garin da ya ga ambaliyar 2020 bai kamata a koya masa wannan ba. Safar hannu da takalman roba ma ba su isa ba, matasa na shiga da silifa cikin fasassun kwalabe. Kayan maƙabarta dai, diga, shebur, makara da likkafanin ajiya, suna wuri ɗaya, makulli biyu, ana samunsu ko da asuba.

Kuɗi ne abin tsoro. Ana karɓar na mako a rubuta a littafi, amma masu turawa ta waya asusun ma'aji na kansa suke turawa, inda kuɗin ƙungiya ke cuɗanya da na shagonsa. Mutumin kirki ne, amma ranar da ya kwanta ciwo ko ya rasu, magada ba su da hanyar rabewa. Maganin sananne ne: rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki a rubuce, da sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da takardar nan banki zai buɗe asusu da sunan ƙungiya, a sa mutum uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa hannu. Gudummawar kayan sallar marayu kuma ta sami shafinta daban, kada a ranta daga ciki don sayen boris. Lokacin siyasa na ƙaratowa wani zai aiko da kujeru da buhunan shinkafa, kuma ba su da ƙa'idar karɓa ko mayarwa.

Mata ba sa cikin zaman dare, alhali su da yaransu ne suka fara sanin famfo ya yi nauyi. Wakilai mata biyu da za su kawo rahoto ta hannun matar mai unguwa sun wadatar a fara.

Mai son shiga, memba ɗaya zai gabatar da shi a zauna da shi zama uku kafin a rubuta sunansa. Ya yi amfani da zaman ukun nan ya nemi ganin littafin ma'aji da rasit ɗin gyaran famfo na ƙarshe, ya kuma tambayi asusun da za a ce ya tura kuɗinsa da sunan wa yake.