Shagon da ke gane maƙerin tsofaffin jiragen ƙasa na wasa

A birnin York na Ingila akwai wani ɗan shagon tsofaffin kayan wasa da ke duba kawunan jiragen ƙasa na zubin ƙarfe, ya faɗa maka kamfanin da ya ƙera su. Na kai masa guda uku da na tsinta a kasuwar gwanjo.

Dattijon mai shagon bai damu da fenti ba. Kifar da su ya yi, ya ɗora gilashi a ƙarƙashinsu. Na farko bai ba shi wahala ba, an rubuta Lesney a jiki, wato kamfanin Ingila mai ƙera ƙananan motocin wasa na Matchbox. Na biyu rubutun ya goge, amma daga ƙanƙantarsa da maƙalarsa ya ce na kamfanin Lone Star na Ingila ne, irin waɗanda aka fara fitarwa a 1957 ana tura su da hannu a kan dogo. Na uku ya tsattsage. Ya ce ciwon tutiya ne, wato ƙarfen da aka ƙera shi da ita, dalma ta gauraya da ita tun wajen zubi, kuma ba shi da magani. Ya ƙi laƙaba masa suna don kawai in ji daɗi, abin da ya fi burge ni ke nan.

Matsalolinsa biyu: ba ya ba da takardar shaida, komai da baki. Kuma da ka kawo na Amurka, irin su Tootsietoy, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Mai kayan Ingila dai ya je, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba.