Ciwon ciki mai naci: jiƙon gida ko masanin abinci?

Tun da na warke, mutane a nan Tahoua ke tambayata: jiƙon gida ko masanin abinci na likita?

Jiƙo ya fi arha, kanwa da tsamiya suna nan kusa da murhu. Likita kuwa sai kuɗin kabu-kabu, dogon layi, da awon bayan gida. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ya yi hattara. Ni wata uku ina kurɓarta, ashe madara ce ba ta karɓe ni ba. Masanin ya sa na rubuta duk abin da na ci, a nan ya gano.

Mai kumburin ciki na kwana ɗaya bayan wake, jiƙo ya ishe shi. Mai zawo da ya wuce kwana 14, jini a bayan gida, ko rama ba dalili, likita ce tasa.